Tambayoyi da amsoshi kan matsalolin da masu haɗa manhajar waya da ta kwamfuta ke cin karo da su

Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a bakin masu koyon haɗa manhaja, musamman 'yan Android da Flutter da masu yi wa shaguna da makarantu manhajar Windows. Wasu amsar tasu layi biyu ce, wasu kuma sai an zauna.

Malam manhajata da na buɗe ta sai ta rufe kanta nan take, ta ina zan fara?

Ta karatu zaka fara, ba ta gyara ba. Yawancin mutane da abu ya faɗi sai su koma cikin kod su hau canje-canje da ka, su goge wannan su ƙara wancan, alhali manhajar ta riga ta rubuta dalilin mutuwarta, ba wanda ya tsaya ya duba ne kawai. A Android Studio buɗe Logcat, wato tagar da ke nuna saƙonnin da manhaja ke rubutawa tana gudu, ka tace shi ya nuna na manhajarka kaɗai, ka nemi inda aka rubuta FATAL EXCEPTION. Jan rubutun zai yi tsawo, kada ya tsorata ka, mafi yawansa na Android ne ba naka ba. Abu biyu kake nema: layin Caused by na can ƙasa, sai kuma layin farko da sunan fakitinka ya fito a ciki, a nan zaka ga sunan fayil da lambar layi, ka danna shi ya kai ka wurin kai tsaye. In ta Windows ce, kada ka buɗe ta da danna linzami sau biyu, buɗe ta daga cikin cmd ko PowerShell don tagar kada ta ɓace da saƙon, in ba ta ce komai ba ka shiga Event Viewer, Windows Logs, Application, zaka samu jan alama daidai lokacin da ta faɗi.

Gradle ya ƙi gamawa tun safe yake juyawa, ko kuma ya fito da ja, meye matsalar?

Gradle shi ne mai harhaɗa kod ɗinka ya zama manhaja, matsalar tasa kuma kashi biyu ce. Na farko netwok: karon farko Gradle sai ya sauke kansa da tarin laburare, abun yana cin data sosai, in netwok ya yanke a tsakiya fayil ɗin zip ɗin zai lalace, duk sanda ka sake gwadawa sai ya faɗi a wuri ɗaya. Shiga foldar .gradle da ke cikin foldar mai amfani, wrapper, dists, ka goge ta sigar da ta lalace, ka sake saukewa lokacin da netwok ke da ƙarfi, in ya gama ka kunna yanayin offline don ya daina leƙa intanet kullum.

Na biyu rashin jituwa tsakanin Java da Gradle da plugin ɗin Android, su ukun nan dole sigoginsu su dace. In kaga Unsupported class file major version da wata lamba, lambar tana gaya maka Java ce: 61 Java 17 kenan, 65 kuma Java 21, ma'ana Gradle ɗinka ya tsufa da Javar da ka ba shi. Plugin ɗin Android daga 8 zuwa sama sai da Java 17. Wannan ya fi samun wanda ya ɗauko tsohon aiki daga GitHub ya buɗe a sabon Android Studio. Ko ka ɗaga Gradle a gradle-wrapper.properties ko ka zaɓa masa tsohuwar Java a saituna, amma ɗaya zaka yi ka gwada tukun, kada ka haɗa duka biyun lokaci guda don ba zaka san wanne ya yi aiki ba.

Laftof ɗina RAM 4GB ne, emuleta baya tashi

Ka haƙura da emuleta ɗan uwa, wato wayar gwajin nan da ke gudu a cikin kwamfuta. Shi kansa Android Studio 8GB yake nema a ƙalla, ka ɗora masa emuleta da Chrome ai cutar kai ne. Wayarka ta hannu ta fi shi sauri kuma ta fi shi faɗin gaskiya. In Flutter kake yi, VS Code da waya sun ishe ka. In RAM ɗin da sauƙi amma emuletan ya ƙi, shiga BIOS ka duba ko an kunna VT-x, saitin da emuleta ke buƙata kafin ya gudu, a AMD kuma SVM ake ce masa, laftof da yawa a kashe yake zuwa.

Na saka waya a kwamfuta amma bata ganinta

Fara da kebul, wallahi sau da yawa shi ne. Akwai kebul na caji kawai wanda babu wayoyin data a cikinsa, waya zata yi ta caji lafiya lau amma kwamfuta ba zata san an saka komai ba. Sai ka tabbatar ka buɗe zaɓin masu haɗa manhaja, wato ka danna Build number sau 7 a saitunan waya, ka kunna USB debugging. Rubuta adb devices a cmd: in ya nuna unauthorized toh akwai tambayar da ta fito a fuskar wayar ba ka amsa ba, in bai nuna komai ba a Windows direban wayar ne babu, wato abun da ke sa Windows ta gane ta. In wayar Android 11 ce zuwa sama kana iya haɗawa ta Wi-Fi ba kebul gaba ɗaya.

API ɗina yana aiki a burauza da Postman amma manhaja ta ce connection refused

Saboda ka rubuta localhost. A wurin waya localhost ita kanta wayar kenan, ba laftof ɗinka ba. A emuletan Android adireshin kwamfutarka 10.0.2.2 ne. A waya ta gaske ko dai ku hau Wi-Fi ɗaya kasa IP ɗin laftof, sabar kuma ta saurara a 0.0.0.0 ba 127.0.0.1 ba, ko kuma mafi sauƙi ka buga adb reverse tcp:8000 tcp:8000 shikenan localhost ɗin zai yi aiki ta kebul. In ka wuce nan sai kuma kaga maganar CLEARTEXT not permitted, wannan tun Android 9 aka hana http mara s sai ka bada izini da kanka, don gwaji ba laifi ka buɗe shi, amma kada ka tura wa mutane manhaja a haka, kalmar sirrinsu a fili take tafiya.

A debug komai lafiya, da na fitar da APK na tura wa abokina sai fari fat ko ta ƙi shiga intanet

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce sa mutum zargin aljanu, kuma dalilanta sanannu ne.

A Flutter izinin INTERNET yana cikin manifest na debug, wato sigar gwaji, tun asali saboda hot reload yana buƙatarsa, amma ba ya cikin na main, don haka duk tsawon lokacin da kake gwaji aro kake ci baka sani ba, ranar da ka fitar da release, wato sigar da ake ba mutane, sai a karɓe. Layi ɗaya ne ka ƙara a android/app/src/main/AndroidManifest.xml.

Sai R8, wanda ke rage girman manhaja ta hanyar goge abun da yake ganin ba a amfani da shi da kuma gajarta sunaye. In kana amfani da laburare irin Gson da ke neman filaye da sunansu, R8 ya mayar da sunan ya koma a ko b, JSON ya zo bai samu inda zai zauna ba, komai ya dawo null babu ko eror. Don ka gane ko shi ne, kashe minify, wato saitin da ke kunna R8, ka sake ginawa, in ta warke toh shi ne, sai ka mayar ka rubuta dokokin keep masu gaya masa abun da ba zai taɓa ba. Ka adana mapping.txt na kowace siga da ka fitar, in babu shi, ba zaka iya karanta rahoton faɗuwa ba.

Na uku masu shiga da Google ta Firebase: makullin da ke sa hannu a debug daban, na release daban, in ka ɗora a Play Store kuma Google na sake sa hannu da nasa. Kowanne da SHA-1 ɗinsa, wato lambar shaidar makullin, duka ukun sai sun shiga Firebase. Eror mai lamba 10 ɗin nan da ke fitowa ba bayani, kusan kullum wannan ne.

Tana aiki a wayata amma a wayar kwastoma bata yi, ya ce min kawai "bata yi"

Tambaye shi sunan wayar da sigar Android kafin komai, in da hali ya ɗauko maka bidiyon fuskar wayar. Android ya sha canja dokoki: daga 6 izinin kamara da wuri sai an tambaya lokacin amfani, daga 10 da 11 ba a barin manhaja ta yi yawo cikin ma'ajiyar waya yadda ta ga dama, daga 13 sanarwa ma sai da izini. Kod ɗin da bai san da wannan ba zai yi aiki a wata wayar ya mutu a wata.

Sannan mu faɗi gaskiya, mai haɗa manhaja yakan riƙe waya mai kyau, su kuma mutanen da zai sayar wa a Kantin Kwari ko Sabon Gari da yawansu itel ce ko ƙaramar Tecno mai RAM 2GB, ma'ajiya ta cika da bidiyon WhatsApp. Hoto guda da kamara ta ɗauka in ka loda shi da cikakken girmansa don ka nuna a ɗan ƙaramin akwati ya isa ya kashe manhaja a irin wayar nan. Wasu ƙananan wayoyin kuma masu Android Go 32-bit suke gudu, in APK ɗin arm64 kaɗai ka tura musu zai ce App not installed. Ka nemi irin wayar ko ta hannu ce ka ajiye don gwaji, kuma kasa Crashlytics ko Sentry, masu turo maka rahoto in manhaja ta faɗi, tun ranar farko, su zasu gaya maka abun da kwastoma ba zai iya ba.

Sanarwa bata zuwa in an rufe manhajar, aikin baya ma tsayawa yake

Tun Android 6 akwai Doze mai kwantar da manhajoji in waya ta daɗe a ajiye, kamfanonin waya da yawa kuma sun ƙara nasu tsarin tattalin batir a kai wanda ya fi na Google zafi, Tecno da Infinix da Xiaomi da Oppo duk suna ciki. Ba kod ɗin da zai kawar da wannan gaba ɗaya. Abun yi: aikin baya ka ba WorkManager, ka sani kuma mafi ƙarancin tazarar maimaitawarsa minti 15 ne kuma ba ya alkawarin daidai minti, saƙon gaggawa ka turo shi ta FCM, hanyar tura sanarwa ta Firebase, da fifiko babba, sannan ka yi ɗan shafi a cikin manhajar da ke nuna wa mutum yadda zai cire ta daga takurawar batir ya kunna mata autostart.

Manhajar tana daskarewa, waya ta ce isn't responding, ta kwamfuta kuma taga ta yi fari

Ciwo ɗaya ne a wuri biyu. Akwai zare guda da ke zana fuska yana amsa taɓawa, in ka ɗora masa aiki mai nauyi kamar kiran intanet ko karanta babban fayil ko lissafin rahoton wata guda, komai zai tsaya sai ya gama. Android na jira kamar daƙiƙa 5 kafin ya fito da saƙon, Windows ma kusan haka. Kamar mai shago ne shi kaɗai ya bar kanta ya tafi sito ɗauko kaya, layi zai taru dole. A Kotlin ka tura aikin ga coroutine a Dispatchers.IO, a C# async da await, a Tkinter ko PyQt wani zaren daban, amma ka kula kada ka taɓa maɓalli ko rubutun fuska daga wancan zaren, ka dawo da sakamakon ga na asali shi ya zana. 'Yan Flutter ku lura async kaɗai ba ya raba lissafi mai nauyi, sai compute ko isolate.

Haruffan ƙ, ɗ, ɓ suna komawa alamar tambaya ko akwati

Dubi me suka koma, shi zai gaya maka inda matsalar take. In akwati ne bayanin lafiyarsa ƙalau, font ɗin ne bashi da harafin, fonts da yawa masu kyaun gani basu san da mu ba, gwada Noto Sans. In alamar tambaya ce toh an riga an lalata shi a hanya, galibi a rumbun bayanai da aka bari a latin1, a MySQL ka mayar da teburi da ita kanta mahaɗar zuwa utf8mb4, amma wanda ya riga ya koma alamar tambaya ya tafi sai an sake shigarwa. In kuma wasu haruffan shirme ne biyu-biyu, UTF-8 ne aka karanta da wani tsari. Python a Windows yana yin haka in ka buɗe fayil ba ka rubuta encoding="utf-8" ba, in CSV ne da za a buɗe a Excel kasa utf-8-sig.

Abun da ba a cika tunawa ba shi ne akwatin bincike. An ajiye sunan ɗalibi Ɗanladi, sakatare ya rubuta Danladi, manhaja ta ce babu shi. Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alama ba ta aiki a namu, don ɗ harafi ne mai zaman kansa a Unicode ba d da ƙari ba, sai ka rubuta ɗan aikin da zai musanya su da kanka ka ajiye kwafin sunan mara lanƙwasa don bincike kawai. Ƙananan firintocin rasit kuma yawanci basu da haruffan nan, wasu har alamar ₦ basu da ita, ko ka buga rasit ɗin a matsayin hoto ko ka haƙura ka rubuta NGN.

Na mayar da Python ɗina exe da PyInstaller, a kwamfutata yana yi a ta wani baya yi

Sake gina shi ba tare da ɓoye baƙar tagar ba don kaga eror ɗin. Galibi hotuna ne ko wani fayil da baka haɗa da add-data ba, ko kuma ka rubuta hanyar fayil da sunan foldarka a ciki, ita kuma waccan kwamfutar bata da mai wannan suna. In onefile ka yi, yana warware kansa ne a foldar wucin gadi duk sanda aka buɗe, hanyarta na cikin sys._MEIPASS, kuma ana goge ta in an rufe, don haka duk wanda ya ajiye rumbun bayanansa a can kullum zai tarar da shi wayam.

Ta ce VCRUNTIME140.dll babu, wani wurin kuma antibairos ya cinye ta

Na farkon kasa Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft, ka dace 32 ko 64 da manhajarka, ka haɗa shi cikin instola don kada a sake kiranka. Don Allah kada ka sauke dll guda daga shafukan da ke rarraba su. Shuɗin allon Windows protected your PC kuma saboda ba a sa wa fayil ɗin hannu da satifiket ba ne, satifiket ɗin kuɗi ne duk shekara, in kwastomominka 'yan kaɗan ne ka nuna musu More info sannan Run anyway. Exe na onefile antibairos ya fi zarginsa, onedir da instola ya fi zama lafiya.

An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, bayanan shago sun lalace

In a fayil ɗin JSON ko Excel kake ajiye ciniki wannan zai sake faruwa, don rubutu ya yanke a rabi kenan. Koma SQLite, ka haɗa duk abun da ke tafiya tare, cire kaya daga sito da rubuta ciniki, cikin transaction guda, ko su shiga duka ko kada ko ɗaya ya shiga. Ka ajiye fayil ɗin a AppData ba Program Files ba, can Windows ba ya barin rubutu sai da izinin admin. Kada kuma ka ɗora fayil ɗin SQLite a foldar da kwamfutoci uku ke rabawa ta netwok, nan ake samun database is locked da lalacewa, in an kai nan lokacin PostgreSQL ko MySQL ya yi. Manhajar ta riƙa kwafe kanta kullum zuwa filashi ko wani wuri, mai shagon kuma a lallaɓa shi ya sayi UPS.

Lissafin kuɗi yana fitowa da 0.30000000000000004

Kada ka ajiye kuɗi a float ko double. Ajiye kobo a matsayin cikakkiyar lamba, ka raba da 100 wurin nunawa kawai. Paystack ma da kobo yake karɓa, shi yasa sabon shiga zai tura 5000 yana nufin naira dubu biyar a cire naira hamsin.

Jiya lafiya lau, yau ta ƙi, kuma ban taɓa komai ba

Wani abu ya canja ko da ba kai ka canja ba: laburare ta ɗaga kanta saboda baka kulle sigarta ba, token ya ƙare, satifiket ɗin saba ya mutu, ko agogon wayar ya koma wata shekara daban sai https ya ƙi. git diff zai nuna maka abun da hannunka ya taɓa ka manta, in an yi nisa git bisect zai riƙa raba tarihin biyu har ya kama commit ɗin da ya kawo ta. flutter clean da Invalidate Caches suna da amfani amma sau ɗaya ake gwada su, wanda ya yi sau biyar a jere addu'a yake ba gyara ba. In zaka tambayi wani, mutum ne ko ChatGPT, kwafo rubutun eror ɗin gaba ɗaya da sigogin kayan aikinka da abun da ka riga ka gwada, ba hoton skirin da aka ɗauka da waya a karkace ba, kuma ka goge makullan API kafin ka liƙa.

Play Store ya ƙi karɓar sabuntawata

Duba versionCode, dole ya fi na baya ko da ɗaya ne. Tun Agustan 2021 sabbin manhajoji AAB ake ɗorawa, wato Android App Bundle, ba APK ba, kuma duk shekara Google na ɗaga targetSdk da zai karɓa. In saƙon na maganar makulli ne toh ba da keystore ɗin farko, wato fayil ɗin makullinka, kasa hannu ba. Wanda ke kan Play App Signing yana iya neman a sake masa makullin ɗorawa, wanda kuma yake raba APK da kansa ta WhatsApp ya ɓatar da keystore, mutanensa sai sun cire tsohuwar kafin sabuwar ta hau, bayanan da ke ciki su tafi. Sabon asusu na mutum ɗaya kuma, bayan dala 25 ta rajista, sai ka yi gwajin rufe da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a baka damar fitarwa, ka nemi fiye da 12 ɗin don wani zai fice a tsakiya.

Bani da Mac, zan iya fitar da ta iPhone?

Ginin iOS sai da Xcode, shi kuma sai macOS, amma ba dole Mac ɗin ya zama naka ba, Codemagic da GitHub Actions da EAS na Expo duk suna gina maka a nasu. Asusun Apple dala 99 ne duk shekara. Wahalar tana wurin gyara, don in ta faɗi a iPhone baka da inda zaka leƙa sai rahoton TestFlight ko Crashlytics. Wanda yafi kama mutane shi ne Info.plist: in manhajar ta nemi kamara babu NSCameraUsageDescription a ciki, iOS kashe ta yake nan take ba tambaya, haka hotuna da wuri da makirfo kowanne da nasa layin, kuma bayanin da zaka rubuta a wurin ya faɗi ainihin abun da zaka yi da kamarar, in ka rubuta na jeka-na-yi-ka masu dubawar Apple zasu dawo maka da ita.